Layar da Baffa Ya Hana a Buɗe

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karatun Faransanci, na kusa rasa matar da nake aure yanzu saboda ban san sunan ƙauyen kakana ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɗan sosu, rabi haushin danginmu, rabi haushin kaina.

A lokacin ina rubuta kundin kammala digiri a kan littattafan da 'yan Afirka suka rubuta da Faransanci, musamman waɗanda ke ba da labarin mutumin da ya bar garinsu. Yawancinsu hanya ɗaya suke bi: yaro ya yi makarantar Turawa, ya shiga jirgin ruwa ya tafi Faransa, can a nuna masa shi baƙo ne, ya dawo gida nan ma ya tarar ya zama baƙo. Na karanta su har suka shiga jinina. In na zo hutu Talata Mafara, duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da ni sai ya sha bayani a kan hijira da asali, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. A teburin mai shayi na bakin tasha Bafaranshe suke kirana, ni kuma a wautata ina jin daɗin sunan.

Yarinyar 'yar Maradun ce, ƙanwar abokina da muke ɗaki ɗaya a makaranta. Mahaifinsu malami ne mai karantar da manya a zaurensa, mutum mai sanyin magana wanda in ya yanke abu ya yanku. Da yake mahaifina ya rasu tun ina sakandare, Baffana na Bakura, wato yayan mahaifina, shi ya tura dattawa biyu neman izini. Malam ya karɓe su hannu biyu. Bai tambayi abin da na mallaka ba, bai ma tambayi yaushe zan sami aiki ba. Tambayarsa ɗaya ce, yaron jikan wa ne, kuma daga wane gari.

Dattawa suka ce Bakura. Malam ya ce shi ma yana da mutane a Bakura, kuma ya riga ya tambaya. An shaida masa kakan yaron mutumin kirki ne, amma baƙo ne, ya shigo yana saurayi daga arewa, daga ƙasar da Faransawa ke mulki a lokacin, kuma har ya koma ga Allah babu wanda ya ji sunan garinsu daga bakinsa. «Ban ce da aibi ba,» in ji Malam. «Amma ɗiyata za ta haihu, ɗiyanta za su tambaye ni inda sunka hito, ba ni son in yi shiru. Ku samo man sunan garin kahin a yanke shinkahwa. Akwai wasu da sunka yi magana, na ce su dakata.»

A nan na tafka wautar farko. Da abokina ya kawo mini saƙon, maimakon in yi shiru in nemi mafita, sai na gyara zama na buɗe masa kundina. Na ce ai masana sun gama magana, asali ba abu ba ne da ake gada kamar gona, abu ne da mutum yake gina wa kansa. Na kawo masa misalin mutum uku, dukansu na cikin littafi. Shi kuma bawan Allah, da ya je gida ƙarshen mako, ya kwashe maganar tsaf ya kai wa mahaifinsa, wai don ya nuna masa irin ilimin da nake da shi. Ranar Litinin ya dawo da amsa. Malam ya ce a gaishe ni, kuma in ci gaba da ginin, in na kai rufi in aiko a zo a gani.

Yarinyar ta kira ni a waya da yammar ranar. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, «Don Allah ka daina yi wa mutanen gidanmu lacca. Ka je ka tambayi naku.»

Na zo Mafara na fara da mahaifiyata. Ta ce ita da aka kawo ta gidan tsohon ya riga ya manyanta, kuma wace suruka ce za ta tsare uban mijinta da tambayar garinsu. Ta tura ni wurin Goggo, babbar 'yar kakana, wadda ke aure a unguwar da ke bayan kasuwa. Na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Sai da muka gama gaisuwa kaf, ta tambayi karatu, ta tambayi malamaina ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su, sannan na sami bakin magana.

Ta ce ba ta sani ba. Ta ce in an tambaye shi garinsu sai ya ce nan ne garinsu, ya tashi ya ɗauki fartanya. Har na miƙe zan tafi, sai ta ce, kamar da faifan take magana, «Sai dai ko layar nan.»

Layar kuwa duk danginmu mun san ta. 'Yar ƙarama ce, baƙar fata, ba ta fi kan babban yatsa biyu ba. Kakana bai taɓa rabuwa da ita ba, kuma bayan rasuwarsa ta koma hannun Baffa. Duk jaririn da aka haifa a zuriyarmu sai an rataya masa ita ranar suna kafin a mayar. Ni ma an rataya mini. An ɗauka wata addu'ar tsari ce mai ƙarfi da ya zo da ita daga can. Goggo ta ce tana yarinya fatar ta taɓa tsufa, mahaifinsu ya kira baduku har gida ya sake mata sabuwa, ita kuma ta leƙa ta bayansa. «Ba rubutun Muhammadiyya na gani ba,» in ji ta. «Na Nasara na, da hatimi bisa. Yag gane ni ina kallo, yak kore ni.»

Na tsaya ina kallonta. Shekara huɗu ina karatun Faransanci, duk hutu sai na zo na gaishe ta, tana tsokanata da in yi mata yaren ta ji, amma ba ta taɓa tuna cewa akwai takardar Faransawa a wuyan jariran gidanmu ba. Da na faɗi haka sai ta ce, «To ka taɓa tambaya?» Gaskiyarta, ban taɓa ba.

Washegari na hau babur sai Bakura. Baffa manomin albasa da shinkafa ne a gonakin ruwan Bakolori, dogo, mai taurin kai irin wanda ake ba da labari. Ya saurare ni har na gama, ya ce, «Ba a buɗe laya.» Na ce Baffa ai ba laya ba ce, takarda ce. Ya ce, «In an ɗinke ta cikin hwata laya ta. Ubanmu yab bar ta rufe, ni ba ni zama wanda yab buɗe.» Na ce ai shi ma tsohon ya taɓa buɗewa, Goggo ta gani. Ya ce mai abu ya buɗe abinsa daban ne. Daga nan ya koma tambayata ko na ci abinci.

Sau huɗu ina zuwa Bakura a cikin mako uku. Lokacin hanyoyinmu ba su zama abin tsoro ba, sai dai gajiya. Zuwa na biyu ya ce in bari sai bayan Juma'a. Bayan Juma'a na zo aka ce ya tafi ta'aziyya Damaga. Zuwa na huɗu na bi shi har gona, na tarar da shi a bakin kwalbati yana sakin ruwa, shinkafa ta fara sunkuyar da kai ta yi ja. Ganin shinkafar nan ya tayar mini da hankali, kuma da hankalina ya tashi sai na sake komawa ga abin da na iya. Na fara ba shi labarin wani a littafi da ya mutu a ƙasar Turawa ba tare da 'ya'yansa sun san sunan garinsu ba. Baffa ya tambaye ni mutumin ɗan ina ne. Na ce ai labari ne aka ƙirƙira. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, «Wato ƙarya anka tura ka koyo shekara huɗu, kuma don ita za ni hwarke layar ubana.»

Na dawo Mafara a fusace. Har na yi tunanin in zaɓi kowane gari daga taswira in aika Maradun da shi, wa zai sani. Abokina ya ce kar in soma, cikin masu ɗaukar karatu a zauren Malam akwai dattawa daga can tsallaken iyaka, kwana biyu ya ishe su su gano ƙaryata. Na shiga wurin Goggo na zube, na ce shi ke nan na haƙura, ƙaninta ya fi son ƙullin fata a kan ɗan ɗan'uwansa.

 Da safe sai ga saƙon Goggo wai in samo mota, ita gwiwarta ba ta iya babur. Muka isa Bakura da hantsi. Ta ƙi shiga cikin gida, ta zauna a zaure a kan tabarmar baƙi. Matar Baffa ta kawo ruwa da fura, Goggo ta ture kwanon gefe. Duk wanda ya san mutanenmu ya san nauyin wannan, babbar ya ta zo gidan ƙaninta ta ƙi shan ruwansa. Baffa ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ga kwanon, ya ce, «Yaya, mi yay yi zahi haka?»

«Ka aika a kira baduku,» in ji ta. «In ya zo in sha.»

 Da Baffa ya buɗe baki, ba da muryar da ya saba yi mini gardama ya yi magana ba. Ya ce, «Yaya, mutum ba ya ɓoye garinsu hakanan banza. In anka buɗe anka iske ya kashe wani, ko bawan wani na yag gudo? Shi yaro mace za ya rasa, ya samu wata. Mu uba za mu rasa.»

Sai a lokacin na gane tsoro ne yake ta yawo da ni tsakanin Mafara da Bakura. Na ji kunya, amma ba zan ɓoye muku ba, haushi bai sake ni ba, don da ya faɗi haka tun zuwan farko da ban ƙona wa mai babur taya ba. Goggo ta ce, «Ko mi anka iske, shi yac ciyar da mu. A kira baduku.»

Baffa ya kafa sharuɗɗa biyu. Ba za a sa wuƙa ba, baduku zai warware ɗinkin zare bayan zare don a iya mayarwa. Ni kuma duk abin da na gani in faɗe shi yadda yake, kar in gyara. Badukun tsoho ne, ya yi bisimilla ya fi sau goma, kowane zare sai ya tsaya ya ba mu labarin wanda ya koya masa sana'a. Na zauna ina cizon leɓe. A ƙarshe fata ta buɗe, a ciki akwai tsumma, a cikin tsumman takarda mai ninki da yawa, ta yi launin ƙasa.

Rabinta bugun inji ne, rabinta rubutun hannun wani magatakarda. Ni da nake cinye littafi mai shafi ɗari uku a kwana biyu, sai ga ni ina haɗa baƙi ɗaya ɗaya kamar ɗan aji ɗaya. Takarda ce daga ofishin kwamandan Faransawa, ta ɗaukar mutum aikin tilas na gina hanya. Na fassara musu wannan, Baffa ya sauke numfashi. Na zo layin suna, na karanta a zuci, na sake karantawa, sannan na faɗa a fili.

Sunan Baffa ne.

Ya ce, «Na'am?» don ya ɗauka kiransa na yi. Na ce Baffa abin da ke rubuce ke nan. Ba sunan kakana ba ne, sunansa ne shi Baffa. Layi na gaba sunan uba, shi kuma daidai yake da sunan mahaifin kakana, wanda duk mun sani. Sai sunan ƙauye, a ƙasar Adar, ga shi ɓaro-ɓaro, abin da na yi mako uku ina nema. Sai shekaru, kimanin sha shida. Sai alama, tabo a girar hagu. A ƙasa kuma dangwalen yatsa, ɗan ƙarami.

«Baba ba shi da tabo ga gira,» in ji Goggo. Ta jawo kwanon ruwan, amma ba ta sha ba, ta riƙe shi kawai. Can ta ce ta tuna wata rana yana zazzaɓi ya taɓa cewa su biyu suka fito, da ta tambaye shi ina ɗayan sai ya juya fuska bango. Ta kuma tuna duk shekara bayan girbi yakan sa a yi gumba a raba sadaka, bai taɓa faɗin don wa ba.  Baffa ya karɓi takardar, shi da bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, ya ce in nuna masa inda sunan yake. Na ɗora yatsana a wurin, ya ɗora nasa.

Mutumin da ya ƙi ba ni minti goma a gona, shi ne bayan kwana biyu ya tasa ni gaba muka tsallaka iyaka ta Illela. Ƙauyen yana nan, ƙarami, a gindin wani dutse. Aka kai mu wurin wata tsohuwa da ta rage a gidan, 'yar ƙanwar su kakana. Ita ba ta gan su ba, amma ta tashi da labarin a bakin uwarta. Ƙaramin ne, wato ƙanin kakana, Faransawa suka ɗauka. Babban, wato kakana, ba a ɗauke shi ba. Da labari ya zo cewa mutane na mutuwa a wurin aikin, sai ya ce wa mahaifiyarsu zai je ya sato shi, kuma ba zai dawo gidan ba sai da shi. An ji cewa sun gudu tare sun yi kudu, ƙaramin ba shi da lafiya. Daga nan ba a sake jin komai ba. Tsohuwar ta ce kakarta har ta rasu ba ta yarda an rushe ɗakinsu ba.

A mota muna dawowa Baffa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, «Alkawali yay yi, shi yas sa bai koma ba.» Iyakar maganarsa ke nan har Bakura.

Ranar da Baffa ya je Maradun da kansa an riga an fara yankan shinkafa, mun wuce mutane suna ta bugu a gefen hanya. A waje na tsaya da abokina. Baffa ya faɗa wa Malam sunan ƙauyen, da sunan gidan, da wanda za a tambaya in an je, ya kuma ba shi labarin duka bai rage ba. Malam ya yi addu'a ga mamatan biyu, ya ce ya ba ni. Da suna sallama ya ƙara da cewa, «A ce ma yaron ya aje kayan gininai. Ashe an gina mai tun ba a haihe shi ba.» Abokina ya yi shekara yana maimaita mini wannan.

Kundin na gama shi, na ci, kuma har gobe ina son littattafan nan, ina ma koyar da wasunsu. Sai dai yanzu in na karanta su ina lura da cewa yawanci labarin waɗanda suka tafi wurin Faransawa ne, suka koyi yarensu, suka sami alƙalamin rubuta baƙin cikinsu. Kakana gudu ya yi daga gare su, da ƙani marar lafiya, kuma abin da aka rubuta game da gidanmu da Faransanci bai wuce layi shida na wani magatakarda ba. Na yi shekara huɗu ina tausayin baƙin cikin littafi, alhali an rataya mini namu a wuya tun ina kwana bakwai. Wannan haushin nawa ne ni kaɗai, ba na raba shi da kowa.

Na Baffa kuwa daban ne. An mayar da takardar an ɗinke, amma har yau bai yafe mini ba. Albasa ta ruɓe, tun da aka buɗe layar ne. Sa ya karye, tun da aka buɗe layar ne. Na gaji da cewa Baffa takardar aikin hanya ce, ba ta taɓa tsare ko akuya ba. Sai ya ce ni dai na sami matata, in yi shiru.

Da aka haifa mana ɗan fari na sa masa sunan Baffa. Ranar suna ya zo Mafara tun da safe, layar na aljihunsa, ya rataya wa jaririn da hannunsa. Bayan an watse ya ja ni gefen zaure, kamar mai shirin yi mini faɗa, ya ce, «Mai sunan nan namu, shekarunai nawa kac ce sunka rubuta?»

Na ce sha shida.

Ya jinjina kai, ya shafa farin gemunsa. «Ashe na girmi baffana da nisa,» in ji shi. Ya mayar da layar aljihu ya tafi neman takalminsa.